3.3 Tsafi, Bori da Maita a Wurin Maguzawan Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Ƙasar Ƙaraye da Rogo, wadda take yamma da birnin Kano, tana daga cikin wuraren da aka san Maguzawa da zama tun da daɗewa. Maguzawa su ne Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har bayan jihadin 1804. Yawancinsu sun musulunta, wasu kuma sun shiga addinin Kirista, amma har yanzu ana jin ɓurɓushin tsofaffin al'adunsu a bakin jama'a. Sau da yawa akan cuɗa tsafi da bori da maita kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa kowanne da matsayinsa.

3.3.1 Tsafi

Bamaguje ya yarda akwai Allah, amma yana ganin iskoki ne suke kusa da harkokinsa na yau da kullum. Saboda haka tsafi shi ne yanka da ake yi wa iska don neman biyan bukata, kamar haihuwa ko lafiya ko damina mai albarka. Maigida ne yake jagorantar tsafin da ya gada, galibi a gindin tsamiya ko kuka ko wurin da aka kafa jigo. Kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta, kuma jinin ne rabonsa, naman kuwa na mutanen gida. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1946.

3.3.2 Bori

Shi kuwa bori, iska ne yake hawa kan mutum ya yi magana ta bakinsa. Akasari rashin lafiya ce take kai mutum ga shiga, sai a yi masa girka. Daga nan ya zama doki, in mace ce kuma godiya. Akan kira iskoki da kiɗan garaya, kowanne da takensa, irin su Ɗangaladima da Sarkin Rafi da Malam Alhaji da Inna. 'Yan bori sun ce mazaunin iskokin shi ne birnin Jangare, kuma atishawa ce alamar saukarsu.

3.3.3 Maita

Maita ta bambanta da waɗannan biyu. An yi imani maye yakan kama kurwar mutum har ya halaka shi, don haka babu mai alfahari da ita. A nan ne kuskuren fassara yake shigowa. A Ingila, bayan soke dokar hana maita a 1951, Gerald Gardner ya bayyana addinin da aka sani da Wicca a 1954, mabiyansa kuma suna kiran kansu da sunan da akan fassara da "mayu". Amma ayyukansu na neman waraka da kariya sun fi kama da tsafi ko bokanci.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa rarrabe waɗannan kalmomi wajibi ne ga mai nazari, domin zargin maita yakan jawo wa mutum tsangwama, ya hana a auri 'ya'yansa, wani lokaci ma ya sa a kore shi daga gari.