Yadda A Ke Gane Ciwon Babur Na Hannu

Babur ɗin da wani ya riga ya mora shi a ke kira na hannu. Yana da araha, amma sau da yawa bayan an kai shi gida sai a ga ba ya gudu, ko kuwa giya ta riƙa gardama. Nan da nan mai shi zai ce giya ta lalace. Wani bakaniken kuwa ba zai musa ba, don kwance inji aiki ne mai tsoka. Alhali galibi ciwon ba can ya ke ba.

A ɗauki misalin Bajaj Boxer, ƙirar Indiya, mai giya 4, wanda 'yan acaɓa ke so ƙwarai. In ya yi nauyin tafiya, sai a kafa shi bisa ƙafarsa ta tsakiya, a juya tayoyi da hannu. Tayar da ta tsaya maza, birki ke riƙe da ita. Sa'an nan a ciro fulogi a duba bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya fi iska yawa, watau ƙura ta toshe matatar iska, abin da ba shi da wuya a lokacin hunturu. Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa labari ne mara daɗi: ringi ya cinye, inji na ƙona baƙin mai.

To, sai maganar kuloci, wanda shi ya fi jawo wa giya zargi. A sa lamba 4, a nufi hawa, a murɗa totur. In inji ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ke zamewa. Ko dai fayafayansa sun suɗe, ko an ɗaure wayarsa tam ba a bar mata wasa ba, ko kuwa an zuba baƙin man mota. Dalili shi ne a irin wannan babur mai ɗaya ne ke wanke inji da kuloci da giya, wani man mota kuwa yana da santsin da ya fi ƙarfin fayafayan. In kuma wayar ta yi sako-sako, kuloci ba ya saki sarai, sai babur ya riƙa jan jiki ko an matse hannun, samun firi ya zama aiki. Sarƙa ma tana da nata laifi. Wasanta kada ya wuce kamar inci 1, in ya wuce sai ta riƙa fizga.

Ciwon giya na ainihi alamarsa dabam ce. Ana cikin tafiya sai giya ta fita da kanta ta koma firi, yawanci daga lamba 2. Wannan ya nuna haƙoran da ke kama juna sun suɗe, ko cokalin da ke tura su ya lanƙwashe. A tsiyaye man cikin kwano mai tsabta, in an ga ɓarɓashin ƙarfe, to, kwance inji ya zama dole.

Mai saye ya taɓa injin tun kafin a tā da shi. In ya ji ɗumi, an riga an ɗumama shi ne don kada a ga wuyar tashinsa, sai ya ce zai dawo da sassafe.