Neman Ƙofa a Ƙofar Ruwa

Tun kafin ka ga kasuwar Ƙofar Ruwa za ka ji ta: ƙarar guduma, kukan injin yankan ƙarfe, da 'yan dako suna neman hanya, rodi na jan ƙasa a bayansu. Tana ƙaramar hukumar Dala a Kano, ta ci sunan ɗaya daga ƙofofin ganuwar birni, kuma da wuya a yi gini a garin nan ba a taka ta ba.

Mai gidan haya ba ya ɓuya a cikinta. Wanda ke gina gidan da zai zauna ado yake kallo, shi kuwa lissafi yake yi. 'Yan haya sun tashi sun bar masa ƙofa shida da taga takwas, wata tsatsa ta cinye gindinta, wata an ɓalle ta ranar da makulli ya ɓata, kuma duka daga kuɗin hayar baɗi za su fito.

A bakin shaguna ake jera ƙofofin China da na Turkiyya cikin ledarsu, suna ta sheƙi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya yi sama, sai masu araharsu suka cika gari. Ƙwanƙwasa ɗaya ka ji. In ta amsa kamar gwangwani, fallenta siriri ne, damina biyu za ta kumbura daga ƙasa, in ta lotsa kuma mai walda ba ya iya mata komai, don wuta na taɓa ta take hujewa. Araha dai ba ta ado.

Ni wajen masu walda nake tura mutum. A nan kai za ka zaɓi kaurin fallen, a yanka a gabanka, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado. Ƙofar masu walda ba ta da kyan 'yar Turkiyya, amma in hinji ya karye yaron walda na unguwa zai gyara shi kafin azahar. Sai 'yan kwance, masu sayen kayan gidajen da aka rushe. A tsibinsu akan dace da tsohuwar ƙofa wadda sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Sai dai ka duba gindin firam da kyau, don sabon fenti ya iya rufa asiri.

Taga ba ta da dogon zance: alminiyam ba ya tsatsa, amma a haɗa da kuɗin ƙarfen tsaro da ragar sauro tun a ciniki. Mai son ƙofar katako don ɗakunan ciki sai ya nufi 'Yan Katako a Na'ibawa, ya kuma tabbatar icen ya bushe, in ba haka ba hunturu zai karkace shi.

"Alhaji, me ake nema?" Mai tare ka da wannan tambaya a bakin hanya sau da yawa ba shi da shago, la'adarsa kuma a kan kuɗinka za a ɗora. Ka gaisa da shi ka wuce ciki, ka taya a shago uku, kada "albarka" ta farko ta sa ka ƙara.

Ƙofar ɗaki galibi ƙafa 3 ce da ƙafa 7, amma tsofaffin gidajen cikin birni ba su san wannan doka ba. Ka zo da awon kowace a rubuce, don abin da aka yanka ba a karɓarsa.