Gargaɗi ga mutanen Timia: kada ku biya kuɗin shafin intanet sai da sunanku a kai

Jama'ar Timia, masu garka, maƙera, mata masu saƙar tabarma, masu rakiyar baƙi da shugabannin ƙungiyoyi, a saurara da kyau. Da zarar kuɗin albasa da na lemu sun shigo hannu, masu tayin buɗa muku shafin intanet za su zo da magana mai daɗi: ku biya sau ɗaya, duniya ta ga rumman da dabinonku, ta ga ruwan da ke gangarowa daga dutse da kangayen Asode. Buɗe shafi abu ne mai amfani. Amma duk wanda ya ce muku biya ɗaya ne an gama, to ya ɓoye muku rabin gaskiya.

Shafi yana tsaye ne a kan abu uku. Akwai suna, wato adireshin da ke ƙarewa da .com ko .ne na Nijar. Akwai masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye hotuna da rubutunku. Akwai kuma manhajar sarrafa shafi, irin su WordPress da ta fito a 2003, wadda a yau take ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, ko Joomla, ko Drupal. Waɗannan manhajoji kyauta ne. Suna da masauki kuwa haya ce ta shekara-shekara. Sunan .com yakan ci dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, kuɗin da bai kai jaka goma ba.

Ga inda hatsarin yake. Idan mai tsara shafin ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, a idon kamfanin rajista shi ne mai shi, ko da kuwa ku kuka biya. Ga sunaye irin na .com, dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta wajabta a aika tunatarwa wata ɗaya da kuma mako ɗaya kafin wa'adi ya cika, amma saƙon zai faɗa ne a akwatinsa, ba naku ba. In ya canja lamba, ko ya tafi neman zinariya Jado, ko kun ɓata, shafin zai mutu ba ku sani ba. Bayan ƴan makonnin sassauci akwai kwana 30 na fansa, da kuɗi ninkin-ba-ninkin. Daga nan sunan ya koma kasuwa, kowa na iya saye. Wanda ya saye shi zai iya cika shi da tallan caca, ko ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga baƙi da sunan ƙungiyarku. Kun dasa dabino ke nan a garkar aro.

Timia ba ta da sararin yin irin wannan asara. Tun bayan tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 baƙi suka ja baya daga Ayar, duk da cewa UNESCO ta sanya Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya tun 1991. Ɗan amincin da ya saura tsakaninku da masu sayen azurfa da abokan hulɗa na waje, da sunanku yake tafiya. Kuma tsakaninku da Agadas akwai fiye da kilomita 200 na hanyar duwatsu, ba wurin da za a ce a je a kamo mutum da yamma ba ne.

Saboda haka, kafin ko dala ta fita ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko ta hannu, ku tsaya a kan waɗannan:

1. A yi rajistar suna da masauki da sunan ƙungiya da imel ɗinta, a gabanku.
2. A ba ku kalmomin sirri guda uku: na suna, na masauki da na shugaban shafi. Mutum biyu amintattu su riƙe, a rubuta a littafin ƙungiya.
3. A rubuta yarjejeniya da ta raba kuɗin gini daban, kuɗin kowace shekara daban, da ranar sabuntawa.
4. A biya kashi-kashi. Cikon kuɗi sai kun buɗe shafin a wayarku, kun kuma sa hoto ɗaya da hannunku.
5. A ba ku kwafin shafin gaba ɗaya ku ajiye. Ku sani cewa shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki.

Ku kuma matasa masu tsara shafuka na Agadas da Arlit da Yamai, ku ji tsoron Allah, ku kuma tausaya wa kanku. Karya farashi don a samu aiki shi ke sa ku gudu bayan wata shida, domin ba ku lissafa kuɗin kulawa ba. Araha ba ta ado. Ku ƙirga kwanakin aikinku, ku faɗi yawan shafuka da yawan gyaran da ke cikin farashin, ku yanka kuɗin kulawa na shekara a fili. Kada ku caji mutane kuɗi mai yawa a kan ɗan kwaɗon tsaro da ke jikin adireshi, tunda Let's Encrypt na bayar da shi kyauta. Ku guji manhajojin sata da ake rabawa a ɓagas, domin sau da yawa da ƙofar ɓarayi a cikinsu suke zuwa. Ku kuma rage nauyin hotuna: hoton waya mai megabait 4 yana iya komawa kilobait 200 bai ɓaci ba, kuma shi ne zai buɗe a inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa.

Wanda ya riga ya mallaki shafi, kada ya bari sai gobe. In sunan irin na .com ne, a shiga shafin bincike na ICANN, a rubuta sunan, za a ga ranar da wa'adinsa zai cika, kyauta. A kira wanda ya gina shi yau, cikin mutunci, a nemi ya mayar da rajistar ga ƙungiya tun ana shiri. Wanda ya karanta wannan ya fassara wa ƴan'uwa da Tamajak, a faɗa a taron ƙungiya da bakin kasuwa. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.