Yaron da Ke Ɓoye Abinci

A watan Disamba na 2004, ma'aikatan kula da yara na jihar Florida a Amurka suka kai wasu yara biyu, wa da ƙani, gidan Martin Gill a North Miami. Riƙo ne na ɗan lokaci, haka aka ce masa. Babban yana da shekara 4, ƙaramin wata 4. An ɗauke su daga hannun iyayensu ne saboda rashin kulawa.

Babban ya zo sanye da rigar manya duk dauɗa, takalmi ya matse masa ƙafa, makero ya cinye masa kai. Ya shafe makonni bai ce uffan ba. Abu ɗaya ne ke gabansa, wato jaririn nan. Shi ke ba shi abinci, shi ke canza masa kunzugu, don aikin da ya saba ke nan. Da ya fara magana kuwa, tun kafin ya ci abin da ke gabansa sai ya nemi ƙari, ya kai ɗaki ya ɓoye. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya: ɗan shekara 4 da ya riga ya san abinci na iya yankewa. Sannu a hankali ya daina, da ya ga kullum ana ɗora tukunya.

A 2006 kotu ta raba iyayen da haƙƙin yaran. Gill ya nemi a mayar da su 'ya'yansa a shari'ance, aka hana shi. Dalili kuwa, da wani namiji yake zaman soyayya, kuma tun 1977 dokar Florida ta haramta wa masu neman jinsi ɗaya irin wannan riƙo na dindindin, ko da yake ta bar su su yi na wucin gadi.

Sai aka shiga kotu. David Brodzinsky, masanin halayyar yara, ya nazarci zaman gidan, ya shaida cewa yaran sun shaƙu da masu riƙonsu shaƙuwa ta ɗa da uba, kuma raba su zai yi musu mummunar illa. Ranar 25 ga Nuwamba, 2008, mai shari'a Cindy Lederman ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulkin jihar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Satumba 2010.

An kammala takardun mayar da yaran 'ya'yan Gill a Janairu 2011. Lokacin jaririn da aka kawo yana wata 4 ya kai shekara 6, bai kuma san wani gida ba sai wannan.