Wasannin Bidiyo: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya taso a biranen Arewa a shekarun 1990 zai tuna da wata 'yar na'ura da ake jona wa talabijin, a cusa mata kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa yana ɗauke da wasanni 9999, alhali in aka ƙirga da ƙyar za su wuce goma. A cikinsu babu wanda ya kai wani gajeren mutum mai gashin baki da jar hula farin jini, wato Mario, wanda aikinsa shi ne gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana taka abokan gaba, har ya kai ƙarshen zango. Irin wannan shi za mu kira wasan gudu da tsalle. Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne, na'urorin nan jabu ne, kwaikwayon Famicom ta kamfanin Nintendo na Japan wadda ta fito a 1983. Har akwai wani kaset mai suna Somari na 1994, inda wasu masu sana'a a Taiwan suka ɗauko Mario suka jefa shi cikin duniyar Sonic, jarumin kamfanin Sega, ba tare da izinin kowa ba. Ashe tun farkon saninmu da wannan fanni, ta ƙofar kwaikwayo muka shiga.

A yau, a unguwa irin Narayi da ke kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, shagunan gem da wayoyin hannu sun maye gurbin waccan na'ura, kuma hanyar tashi daga mai buga wasa zuwa mai ƙera shi ta gajarce ƙwarai. Manhaja irin Godot kyauta ake sauke ta, darussa kuma suna nan birjik a YouTube. A maƙwabciyar unguwar, wato Barnawa, an buɗe cibiyar fasaha ta CoLab a 2016. A garin Kaduna ɗin dai ne wasu samari da ake kira The Critics suka ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan almarar kimiyya da suka ɗauka da wayar hannu da koren ƙyalle, har fitaccen mai shirya fim na Amurka, J.J. Abrams, ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Saboda haka batun hazaƙa ba abin jayayya ba ne. Tambayar ita ce, idan yaron Narayi ya zauna zai ƙera wasansa na farko, me zai ƙera? Babu ko tantama abin da ya fi ƙauna zai kwaikwaya, Mario ne ko Sonic. To shin wannan sata ce, ko kuwa karatu?

Kafin mu yanke masa hukunci, ya kamata mu binciki asalin shi kansa Mario. A 1981 Shigeru Miyamoto na Nintendo ya so ya yi wasa ne a kan Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan na zanen barkwancin Amurka, amma izini bai samu ba a lokacin. Maimakon ya watsar da aikin, sai ya riƙe ƙashin bayan labarin, wato jarumi da mugu da budurwar da za a ceto, ya sauya musu kama. Mugun ya koma goggon biri, jarumin ya koma kafinta, aka sami wasan Donkey Kong. Hatta hular Mario da gashin bakinsa dabarar talauci ce, domin na'urar zamanin ba ta da isassun ɗige-ɗigen da za a zana suma da baki da su. Kamfanin finafinai na Universal ya kai Nintendo ƙara a 1982, bisa zargin an sace masa King Kong, kotu ta ba Nintendo gaskiya. A 1985 aka fitar da Super Mario Bros., wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Da an ba Miyamoto aron Popeye, da wataƙila babu Mario a duniya.

Haka nan Prince of Persia na 1989. Jordan Mechner ya ɗebo yanayinsa ne daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, da mugun waziri da gimbiyar da aka tsare, ya kuma ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Ke nan manyan ma daga rijiyar wasu suka sha.

Sai dai akwai bambanci tsakanin aron dabara da aron fuska, kuma tarihin wasannin da masoya suka ƙera don sha'awa ya fito da shi sarai. Wani ɗan Ajantina, Milton Guasti, ya shafe kimanin shekara goma yana sake gina tsohon wasan Nintendo mai suna Metroid II na 1991, ya saki nasa kyauta a watan Agustan 2016 da sunan AM2R. Masana suka yaba, amma cikin 'yan kwanaki lauyoyin Nintendo suka sa aka sauke shi daga intanet, domin suna da jarumar da duniyar duk mallakar kamfanin ne. Gwanintarsa ta samar masa aiki daga baya a wani kamfanin, amma aikin shekara goma ya zama abin da ba shi da ikon sayarwa ko ci gaba da shi. Shi kuwa Christian Whitehead na Ostireliya ya taki sa'a, don kamfanin Sega ya jawo shi a jiki, har ya jagoranci Sonic Mania a 2017. Amma sa'a ba tsari ba ce, kuma mai zaman jiran alfarmar mai gida bai san ranar da za a ce ya kwashe kayansa ba. Hanya ta uku ita ce ta Freedom Planet na 2014, wanda ya faro a matsayin kwaikwayon Sonic, sai aka sauya jarumar daga bushiya zuwa wata dabbar almara, aka ba ta suna da labari nata, wasan ya zama haja mai 'yanci da ake sayarwa a kasuwa.

Mai karatu zai lura cewa wannan darasi ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Littafin Magana Jari Ce da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, labaransa da dama daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da hikayoyin Indiya da Farisa suka samo tushe, har da dabarar sanya aku ya zama mai ba da labari. Amma Imam ya tuɓe musu kayan ƙasarsu, ya naɗa musu rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zauren malam, har ya zamana ba a jin ƙamshin baƙunta a jikinsu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa daga labarin wani gwarzon Rasha ya fito. A ɗaya gefen kuma muna da wasu finafinan Hausa da suka kwashi labarin Indiya ɗungurungum, da waƙa da rawa da komai, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazari a kai. Duka biyun aro ne, amma ɗaya ya narke ya zama namu, ɗaya kuwa kullum ana nuna shi da yatsa.

Abin takaici shi ne, kayan gina irin wannan wasa suna zube a tsakar gidanmu. Wasan gudu da tsalle yana bukatar ƙaramin jarumi mai wayo da ke kayar da manya, ga Gizo. Yana bukatar dodo a ƙarshen zango, ga Dodo da Ɓotorami. Yana bukatar filin hawa da sauka, ga ganuwar Kano da Dutsen Dala da duwatsun Kufena na Zariya. Yana bukatar kiɗan da ke ƙara sauri idan haɗari ya matso, ga kalangu. Tafiyar neman magani daga gari zuwa gari, kamar yadda Imam ya tsara Ruwan Bagaja a gasar 1933, ita kanta zango-zango ce. A nan sai a yi hattara, domin Imam ya rasu ne a 1981, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Don haka mai son taɓa littattafansa sai ya nemi izini, kamar dai yadda zai nema a wurin Nintendo.

Maƙwabtanmu sun riga sun gwada. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da ya ari salon zanen Japan amma ya gina duniyarsa kan al'adun Afirka. A Legas, Maliyo Games na aiki tun 2012 kan wasannin waya masu labarin gida.

Saboda haka kira na farko ga iyaye da malamai ne: yaron da kuka gani yana kwaikwayon Mario a kwamfuta ba lallai ne ɓata lokaci yake yi ba, lissafi da zane da tsara labari yake koyo a zama ɗaya, kamar yadda ɗan koyon ɗinki ke farke tsohuwar riga don ya ga yadda aka yanka ta. Na biyu ga sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero da Jami'ar Jihar Kaduna, waɗanda ke zaune a haraba guda amma kowa na harkar gabansa: mai tatsuniya da mai manhaja suna bukatar juna. Na uku ga shi matashin: ka yi Marionka na farko, ka koyi yadda ake auna tsalle da nauyin faɗuwa, ka nuna wa abokanka. Amma ranar da ka ga hannunka ya faɗa, ka cire masa jar hular nan ka mayar wa masu ita, ka ɗinka masa taka.