Darasi a cikin salula: da wane kayan aiki za a horar da masu kula da lafiyar dabbobi?

Idan damina ta sauka, garkuna suka yi arewa, mataimakin likitan dabbobi da ke yankin Dakwaro, Abalak ko Tanut yana iya yin wata uku bai sa wanda ya horar da shi a ido ba. A daidai lokacin ne kuwa za a kawo masa akuya mai majina da zawo, ko saniyar da ke tari tana ramewa. Abin da ya koya a taron kwana biyar a birni ya fara dushewa, takardar da aka ba shi kuma da Faransanci take.

Tun 2003, da aka fara tsarin likitoci masu zaman kansu na kusa da makiyaya a Dakwaro, waɗannan mataimaka su ne ke kai allura da magani har rugga. Tara su a zaure ɗaya yana cin kuɗin mota da abinci da masauki, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka koma tura darasi ta salula. Tambayar da ke gaban shugabannin ƙungiyoyi ita ce, da me za a haɗa darasin?

A fara da wayar mai koyo

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen manhaja a ofis, inda akwai wuta da intanet mai ƙarfi. Kafin a sayi komi, a zagaya a duba wayoyin membobi. Nawa ne ke da babbar waya, nawa ke da ƙarama mai maɓallai? Ina suke samun rezo, a rugga ko sai ranar kasuwa? Ina suke caji? Wa ke karanta boko, wa ke karanta ajami, wa ya fi jin Fulatanci ko Tamashek a kan Hausa? Amsoshin nan su ne za su nuna kayan aikin da ya dace.

Murya ita ce ta farko

Saƙon murya ba ya bukatar karatu, ba ya cin kuɗin intanet da yawa, kuma mutum yana iya saurare yana bin garke. Cibiyar RECA a Yamai ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma da makiyaya da murya ta WhatsApp a harsunan ƙasa. Don haɗa darasi, waya ɗaya da ɗaki marar hayaniya sun isa. In ana so a yanke tari da maimaici, akwai Audacity, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba. Kowane darasi ya tsaya kan abu ɗaya, minti biyu zuwa uku. Misali, alamomin annobar awaki da tumaki da ake kira PPR: zazzaɓi, kwantsa a ido, majina, gyambo a baki, zawo. Sai a rufe da abin yi: a ware marar lafiya, kar a kai ta kasuwa, a sanar da ma'aikacin kiwo. Irin wannan darasi yana shiga katin waya, kuma rediyon karkara yana iya watsa shi yadda yake.

Bidiyo sai inda ido ke bukata

Akwai abin da baki ba ya iya bayyanawa: yadda ake ɗaga fata a yi allura a ƙarƙashinta, yadda ake ɗura maganin tsutsar ciki ba tare da an shaƙe dabba ba, yadda ake zagaya ƙirji da igiyar awo don a ƙiyasta nauyi. Nan ne bidiyo ke da amfani. A ɗauka da safe cikin haske, a matso kusa da hannun mai aiki, da dabbobin da mutane suka sani, irin su jar akuyar Maraɗi ko saniyar Azawak. Bidiyo ya fi murya nauyi nesa ba kusa ba, don haka a rage girmansa kafin a tura. Mutum ɗaya ya sauke a inda akwai rezo, sauran su karɓa ta Bluetooth ko Xender a kasuwa ko a mashaya. Kafin a ɗauki sabo kuma, a duba na Access Agriculture, wadda ke da bidiyoyin noma da kiwo da aka juya zuwa Hausa.

Manyan manhajoji

Moodle da makamantansa suna jera darussa, su yi jarrabawa, su nuna wanda ya gama. Sun dace da likitoci da ma'aikatan kiwo masu karatu, amma suna bukatar mai kula da su kullum da kuɗin ajiya a intanet. Ƙungiya ta tambayi kanta wa zai biya idan aikin tallafi ya ƙare. KoboCollect kuwa yana karɓar amsoshi ko babu rezo, ya tura su daga baya, don haka yana da kyau wajen gwada abin da mataimaki ya riƙe.

Kuskure ma yana yaɗuwa

Saƙon da ya fita ba ya dawowa. Idan aka faɗi adadin maganin oksitetrasiklin ba daidai ba, ko aka manta da cewa akwai kwanakin da ba a shan nono ko cin naman dabbar da aka yi wa allura, kuskuren zai bi waya zuwa waya har Agadas. Saboda haka kowane darasi sai likitan dabbobi ya saurare shi kafin ya fita. A farkonsa a faɗi sunan ƙungiya da wata da shekara, don a gane tsoho daga sabo. A ajiye asalin kowane darasi wuri ɗaya, yadda za a gyara shi in umarnin magani ya canza. Sunayen cututtuka kuma suna bambanta tsakanin Tawa da Damagaram, don haka a haɗa suna da alamomi.

A gwada kafin a yaɗa

A tara membobi goma, maza da mata, tunda galibi mata ne ke da awaki da kaji. A kunna darasin a wayoyinsu, ba a ta ma'aikaci ba. A ce kowa ya maimaita abin da ya ji, mai allura kuma ya nuna a jikin dabba. Inda uku suka rikice, a sake ɗaukar wurin.

Salula ba za ta maye gurbin koyo da hannu ba. Riƙe sirinji da ajiye rigakafi cikin sanyi sai a gaban malami. Aikinta shi ne tunatarwa tsakanin haɗuwa da haɗuwa. A 2011 duniya ta rabu da ciwon bushiya, kuma hukumomin FAO da WOAH sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR. Isa can yana bukatar mataimakin da ke gane cutar tun ranar farko. A taronku na gaba, ku sa kowa ya ajiye wayarsa a kan tabarma, ku ƙirga, ku zaɓi cuta ɗaya da ta fi damun ku, ku ɗauki darasin farko a kanta.