Sa Ido a Kan Na'urori Daga Nesa: Ina Ribar, Ina Asarar?

Gabatarwa

A manyan biranen duniya, musamman ma a ƙasar Japan, akan ga wani akwatin ƙarfe a girke a bakin titi ko a tashar jirgin ƙasa, wanda yake sayar da lemo ko ruwa ko alewa ba tare da mai tsaron kanti ba. Mutum zai jefa kuɗi, ya danna maɓalli, sai abin da yake so ya faɗo masa. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin tun a ƙarni na 1 Miladiyya wani masani mai suna Hiro, mutumin Iskandariyya ta ƙasar Masar, ya bayyana wata na'ura da ke zubo ruwa idan an jefa mata tsaba. Nauyin tsabar ne yake danne wani ɗan faranti, farantin ya buɗe bakin famfo, da zarar tsabar ta zame sai bakin ya rufe.

Sai dai na'urar da ba ta da mai tsaro tana da wata babbar matsala, wato ba wanda zai san kaya sun ƙare ko wani abu ya lalace sai an je an duba. A shekarar 1982 wasu ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka suka gaji da yin tattaki zuwa na'urar lemon sashensu su tarar babu kome ko kuma lemon bai yi sanyi ba. Don haka sai suka haɗa ta da kwamfuta, ta yadda kowa zai iya sanin halin da take ciki daga inda yake zaune. Wannan shi ake kira sa ido daga nesa. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: yaushe ne amfaninsa yake rinjayar kuɗin da yake ci?

Yadda Abin Yake Aiki

Ɗalibin ilimin halittu ba zai sha wahalar fahimtar wannan tsari ba, domin kuwa yana ɗauke da irinsa a jikinsa. Idan yatsa ya taɓa garwashi, abubuwa huɗu ne suke aiki a jere. Fata tana jin zafin, jijiya tana kai saƙo, laka da ƙwaƙwalwa suna yanke shawara, sannan tsoka ta janye hannu. Haka yake ga na'ura. Akwai ɗan ma'aunin da ke jin zafi ko motsi ko nauyi, akwai layin waya da ke aika saƙo, akwai kwamfutar da ke tattara bayanan, a ƙarshe kuma akwai ma'aikacin da zai tashi ya je ya gyara.

Cututtuka biyu da aka sani a ƙasar Hausa suna nuna abin da ke faruwa idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza. Ƙwayar cutar kuturta tana lalata jijiyoyin ji, saboda haka mai fama da ita yakan ƙone ko ya ji rauni bai sani ba, har raunin ya ruɓe. Ita kuwa cutar shan-inna jijiyoyin motsi take kashewa, yaro yana jin an taɓa ƙafarsa amma ba ya iya ɗaga ta. Na'urar da ba a sa mata ido ta yi kama da ta farko. Wadda aka sa wa ido amma ba mai zuwa gyara ta yi kama da ta biyu.

Danginta a Ƙasar Zamfara

Na'urar sayar da lemo ba ta yaɗu a garuruwa irin su Jangebe ko Bakura ko Maradun ba, kuma dalilan a fili suke. Tsabar kuɗi ta daɗe da fita daga hannun jama'a, wutar lantarki ba ta tsayawa, ga kuma masu tebur da 'yan talla a kowace kusurwa. Amma akwai danginta guda biyu da suke aiki su kaɗai ba mai gadi, kuma lalacewarsu ta fi ƙarewar lemo muni nesa ba kusa ba.

Na farko shi ne firjin ajiye ruwan allurar rigakafi a asibitocin karkara. Yawancin alluran nan ana so a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. A yankin Talata Mafara kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40. Ɗigon rigakafin shan-inna ba ya jure zafi, ita kuma allurar fenta, mai kare yaro daga cututtuka 5, daskarewa ce take lalata ta. Abin tsoro a nan shi ne ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa ko da firjin ya koma daidai. Uwa za ta taso daga ƙauye da goyo, a yi wa jaririnta allura, ta koma gida da kwanciyar hankali alhali kariyar ba ta samu ba. A ƙa'ida ma'aikaci yakan duba ma'aunin firji sau biyu a rana, safe da yamma. To, amma firji yana iya tsayawa cikin dare ko ranar hutu. Ma'aunin da ke aika saƙo ta waya shi ne yake toshe wannan kafa.

Na biyu shi ne famfon tuƙa-tuƙa. An ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan ɗaya daga cikin kowane famfo huɗu ba ya aiki a kowane lokaci. Idan famfo ya mutu, jama'a sukan koma tafki ko rijiya marar murfi, daga nan kuma sai gudawa da kwalara. Masu bincike daga Jami'ar Okusfod ta Ingila sun gwada wata dabara a yankin Kyuso na ƙasar Kenya a shekarar 2013. Sun sanya ɗan ma'aunin motsi a cikin hannun famfo fiye da 60, yana aika saƙo a kan yawan tuƙin da ake yi. Idan tuƙi ya tsaya, an san famfo ya lalace ke nan. Kafin gwajin, famfon da ya lalace yakan yi kimanin kwana 27 kafin a gyara shi, amma a lokacin gwajin sai abin ya dawo ƙasa da kwana 3. Sai dai mai karatu ya lura da cewa an haɗa ma'aunin da makaniki mai babur da kayan gyara a hannu. Ma'aunin ya ba da labari, makanikin ne ya dawo da ruwa.

Auna Riba da Asara

Ribar farko ita ce rage tafiyar banza. Ga misali don lissafi a aji. A ɗauka ma'aikaci yana kula da famfo 20, yana ziyartar kowanne sau ɗaya a mako, wato ziyara 80 ke nan a wata. Idan famfo 6 ne kawai suka samu matsala a watan, to ziyara 74 ta tafi a kan lafiyayyu. Kuma famfon da ya lalace washegarin ziyara zai jira kwana 6 kafin a sani. Riba ta biyu ita ce gano matsala tun tana ƙarama, domin masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ta uku kuwa ta shafi rai. Tun kafin sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a watan Fabrairun 2021, da kuma bayansa, bin wasu hanyoyin karkarar Zamfara ya zama kasada. Duk tafiyar da aka rage wa ma'aikaci, an rage masa haɗari.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai kuɗin sayen ma'aunin, wanda yawanci daga waje ake shigo da shi. Akwai kuɗin layin waya da ake biya wata-wata, da batir da ke mutuwa, da ƙurar hunturu da zafin rana masu gajarta rayuwar kayan lantarki. Haka nan akwai ƙararrawar ƙarya. Ma'aunin da ke yawan aika saƙon gaggawa ba dalili yakan sa ma'aikata su daina kula shi, har ranar da gaskiya za ta zo. Babbar asara kuwa ita ce dogaro da hanyar sadarwa. A farkon watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba da umarnin rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma yawancin ƙananan hukumomi ba su samu sabis ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. A irin wannan hali, duk na'urar da ta dogara da layin waya takan zama bebiya. Wannan ya sa ya kamata kowane ma'auni ya iya adana bayanai a cikinsa, kuma kada a jefar da takardar rubuta zafin firji da hannu.

Saboda haka, kafin hukuma ko ƙungiya ta kashe kuɗi, ya dace ta amsa tambayoyi huɗu. Mene ne girman asarar idan na'urar ta tsaya ba a sani ba? Yaya nisan wurin da wahalar zuwansa? Akwai sabis mai ɗorewa? Wa zai je idan saƙo ya iso, kuma da wane abin hawa da waɗanne kayan gyara? Famfon da ke tsakiyar gari, wanda mai unguwa zai iya buga waya a kansa cikin minti biyar, ba ya bukatar ma'auni. Firjin da ke riƙe da rigakafin gunduma guda kuwa ya cancanci a sa masa.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ba ci ba ne. Sa ido daga nesa yana biyan kuɗinsa ne idan abin da ake tsaro mai daraja ne, wurin mai nisa, kuma an tanadi hannun da zai amsa kira. Idan kasafin kuɗi bai isa duka biyu ba, gara a fara da makaniki da kayan gyara, ma'auni ya biyo baya. Malamai suna iya sa ɗalibai su ƙirga famfunan unguwarsu na tsawon zango guda, su rubuta ranar da kowanne ya lalace da ranar da aka gyara shi. Alƙaluman da za su samu su ne za su nuna ko rashin labari ne matsalar garinsu ko kuwa rashin mai gyara. Makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suna da rawar takawa wajen horar da matasan da za su iya haɗa ma'aunin, su kuma iya kwance famfon.